Katsalandan ɗin tsohon harshe wajen koyon sabon harshen shirya manhaja

Wanda ya jima yana rubuta manhaja da Pascal (Niklaus Wirth, 1970) zai iya karanta ƙa'idojin Python (Guido van Rossum, 1991) cikin 'yan kwanaki. A ganinmu, matsalarsa ba ta ƙa'ida ba ce, ta sabo ce. Masana harshe suna kiran wannan katsalandan (interférence), kamar yadda Ba'adare mai koyon Faransanci kan gauraya p da f, domin Hausa ba ta bambanta su.

Mu ɗauki misali. A ce malami a jami'ar Tawa yana da jerin farashin albasar Galmi mai suna a, yana son ya gyara wasu lambobi ba tare da ya taɓa na asali ba. A Pascal, idan ya rubuta b := a, na'ura za ta kwafe jerin duka. A Python kuwa, b = a ba ya kwafe komi: suna na biyu ne kawai aka laƙa wa jeri guda. Duk abin da ya canza a b, ya canza a a. Abin da ya fi muni shi ne na'ura ba za ta nuna kuskure ba. Lissafi zai fito, amma gurɓatacce. Sai ya rubuta b = a.copy().

Saboda haka muna ba ɗalibai shawara kada su fara da fassara tsohuwar manhajarsu layi bayan layi. Su fara da ƙananan gwaje-gwaje a wuraren da harsunan biyu suka yi kama, domin a nan ne hannu kan riga tunani.