Harshen damo daga Landan: Me ɗalibinmu zai tsinta a wurin Shakespeare da Swift?

A farkon watan Fabrairun 1601, wasu manyan mutane suka je wurin ƴan wasan kwaikwayon gidan Globe da ke Landan da wata buƙata. So suke a yi musu wani tsohon wasa da ke nuna yadda aka tuɓe Sarki Richard na Biyu, aka kuma kashe shi. Ƴan wasan suka ce ai wasan ya tsufa, ba zai tara jama'a ba. Sai aka ƙara musu sule 40 a kan abin da suka saba samu, suka yarda. Ranar Asabar 7 ga wata aka yi wasan. Washegari ubangidan mutanen nan, Robert Devereux, mai sarautar Essex, ya fito titi da magoya bayansa da nufin ƙwace iko a fadar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Mutanen gari suka ƙi bin shi. Kafin watan ya ƙare an sare masa kai.

Hukuma ta kira ɗaya daga cikin ƴan wasan ta yi masa tambayoyi, ta sallame shi. Mutumin da akasarin masana suka yarda shi ya rubuta wasan, William Shakespeare, ko taɓa shi ba a yi ba. Labari ne na sarkin da ya mutu shekara 200 kafin lokacin, kuma babu sunan sarauniya ko sau ɗaya a ciki. Duk da haka waɗanda suka biya kuɗin sun san abin da suke so ƴan kallo su ji. Irin wannan magana mai harshen damo ta cika tsofaffin littattafan Ingilishi, kuma iya gane ta na cikin manyan ribar da mai karanta su yake samu.

Me ya kawo maganar yanzu?

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Dama tun ajin farko na kwaleji ake fara koyar da Ingilishi, kuma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da sashensa. Ga ƴan uwanmu mazauna Najeriya da Gana kuwa, duk yaron da ya zaɓi darasin adabin Ingilishi a jarrabawar WAEC sai ya haɗu da wasan Shakespeare.

Matashi mai neman aiki zai iya cewa shi Ingilishin cike takarda da na ciniki a tasha ya ishe shi, me zai yi da littafin da ya shekara 400? Hujjarsa tana da ƙarfi. Sai dai Ingilishin ciniki ma'anar kalma kawai yake ba mutum. Bai koya masa gane lokacin da ake yabon wani alhali zaginsa ake yi, ko lokacin da ake yi masa daɗin baki don a kai shi a baro.

Marubuci a ƙarƙashin idon hukuma

An haifi Shakespeare a garin Stratford a 1564, ya rasu a 1616. Mahaifinsa mai ɗinkin safar hannu ne, kuma shi kansa bai yi jami'a ba. Ɗan wasa ne, mai hannun jari a ƙungiyar wasansu, wanda abincinsa ya dogara ga yawan waɗanda suka biya kuɗin shiga. Bayan rasuwarsa da shekara 7, a 1623, abokan aikinsa biyu suka tattara wasanninsa 36 a littafi ɗaya. Guda 18 a ciki ba a taɓa buga su ba sai a lokacin, har da *Macbeth* da *Julius Caesar*.

A zamaninsa ba a nuna wasa sai wani jami'in fada ya karanta shi ya sa hannu. A watan Yunin 1599 manyan limaman cocin Ingila biyu suka ba da umarnin a ƙone wasu littattafan zambo, aka hana buga sababbi. A wannan shekarar ce aka gina gidan Globe, a cikinta ne kuma aka nuna *Julius Caesar*. Sarauniya ta tsufa, ba ta da ɗa, kuma tattauna wanda zai gaje ta laifi ne. Sai Shakespeare ya kwashi tambayoyin da ba a iya yi a Landan ya kai su tsohuwar Roma: idan shugaba na neman ya fi ƙarfin doka, halal ne a kawar da shi? In an kawar da shi, wa zai riƙe gari?

Wurin da ya fi dacewa ɗalibi ya tsaya a kai shi ne jana'izar Kaisar. Brutus, jagoran waɗanda suka kashe shi, ya yi wa jama'a bayani a natse, suka yi masa tafi. Sannan ya bar Antony, aminin mamacin, ya yi magana bisa sharaɗin ba zai zarge su ba. Antony bai karya sharaɗin ba. Ya dinga maimaita cewa Brutus mutumin kirki ne, kowane lokaci yana haɗa yabon da wani alherin da Kaisar ya yi wa talakawa, har yabon ya koma zagi a kunnen masu saurare. Ya nuna musu rigar da wuƙaƙe suka huda, ya ja musu rai da wasiyyar mamacin. Jama'ar da ta gama yi wa Brutus tafi ta tashi neman jininsa. A fitowa ta gaba suka tare wani mawaƙi mai suna Cinna. Ya yi ta rantsuwa cewa suna kawai ya haɗa shi da ɗaya daga cikin makasan, amma suka kashe shi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda saƙon murya ɗaya a WhatsApp ke hargitsa unguwa, ba sai an yi masa dogon sharhi ba.

A wasan *King Lear* kuma, tsohon sarki ya raba ƙasarsa gwargwadon daɗin bakin ƴaƴansa mata, ya kori wadda ta ƙi yi masa fadanci. Wanda aka bari ya riƙa faɗa masa gaskiya kullum ba tare da an kore shi ba, shi ne wawan sarki, mutumin da Bahaushe ya daɗe da sanin matsayinsa a fada.

Limamin da ya ba da shawarar cin jarirai

Idan Shakespeare ɓoye magana yake cikin tarihi, Jonathan Swift gugar zana ya iya. An haife shi a Dublin ta ƙasar Ailan a 1667, ya zama babban limami a cocin Saint Patrick, ya rasu a 1745. A 1726 ya fitar da *Gulliver's Travels* ba tare da sa sunansa ba. Mutane da yawa sun san shi a matsayin tatsuniyar yara: wani matafiyi ya faɗa ƙasar Lilliput, inda mutane ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Amma a wannan ƙasa, mai neman babban muƙami rawa yake yi a kan igiya, wanda ya fi tsalle bai faɗo ba shi ake naɗawa. Jam'iyyun ƙasar biyu tsawon dundunniyar takalmi ya raba su. Dubban mutane sun mutu a rikicin ko ta wane gefe ya kamata a fasa ƙwai, ta babban kai ko ta ƙarami. Masu karatu na lokacin sun gane jam'iyyunsu biyu, sun kuma gane faɗan Katolika da Furotesta.

Bayan shekara uku, a 1729, ya fitar da ƴar ƙasidar nan *A Modest Proposal*. Yunwa da bara sun addabi Ailan, ƙasa kuma tana hannun masu gonaki da yawansu ke zaune a Ingila. Sai Swift ya ari muryar wani masanin tattalin arziki mai natsuwa, ya lissafa jariran talakawa 120,000, ya ce a ware 20,000 don iri, sauran 100,000 a sayar wa masu kuɗi su ci idan sun shekara ɗaya. Ya kawo nauyin jariri, da farashinsa, da ribar uwa. Muryar ba ta taɓa rawa ba, abin da ya sa rubutun ke tayar da tsigar jiki ke nan. Swift yana nuna inda lissafi ke kai mutum idan ya saba kallon talaka a matsayin lamba a rahoto.

Zambo yana da haɗarinsa. A 1702 Daniel Defoe, wanda daga baya ya rubuta *Robinson Crusoe*, ya kwaikwayi muryar masu tsattsauran ra'ayin coci, yana kira a murƙushe waɗanda suka ƙi bin cocin gwamnati. Wasu daga cikin waɗanda yake yi wa shaguɓe suka ɗauka da gaske yake, har suka yaba. Da suka gane, aka kama shi, aka sa shi a turu a bainar jama'a a 1703.

Mai karatun da ya tashi da wasannin Yazi Dogo a talabijin, ko ya karanta *Candide* a lise, ba baƙo ba ne a nan. Voltaire ma yana zaune a Ingila lokacin da *Gulliver* ya fito, ya karanta shi, ya kuma san Swift.

Ba kayan mulkin mallaka ba ne?

Zargin yana da tushe. A 1835 Thomas Macaulay ya rubuta wa gwamnatin mulkin mallaka ta Indiya shawarar a mai da kuɗin ilimi kan koyar da Ingilishi, yana mai raina dukan adabin Larabci da na Indiya. An yi amfani da waɗannan littattafai wajen cusa wa yaran da aka mallaka cewa nasu ba komai ba ne. A 1968 Ngũgĩ wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu suka nemi a rushe sashen Ingilishi na jami'ar Nairobi, a sa adabin Afirka a tsakiya. Su kansu wasannin ba su tsira daga son zuciyar zamaninsu ba. Yadda aka zana Bayahude Shylock, da irin kalaman da ake jifar baƙar fata Othello da su, har gobe ana muhawara a kansu.

To amma dubi abin da ƴan Afirka suka yi da kayan. Julius Nyerere, yana shugaban ƙasa, ya fassara *Julius Caesar* zuwa Suwahili a 1963, ya ƙara da *The Merchant of Venice* a 1969, abin da ya nuna harshensa zai ɗauki kowace irin magana. A wannan shekara ta 1969 Aimé Césaire ya juya *The Tempest* ya rubuta *Une Tempête*, inda bawan nan Caliban ya zama mai neman ƴanci. A Hausa, Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara *Twelfth Night* da sunan *Daren Sha Biyu*, Bala Funtuwa kuma ya mai da littafin zambon George Orwell na 1945 ya zama *Gandun Dabbobi*.

A kurkukun tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, wani fursuna, Sonny Venkatrathnam, ya lulluɓe kundin Shakespeare da hotunan addinin Hindu don kada gandirebobi su ƙwace. Fursunoni fiye da 30 suka sa hannu, kowa a gefen wurin da ya fi so. Ranar 16 ga Disamban 1977 Nelson Mandela ya sa nasa a *Julius Caesar*, inda ake magana kan tsoro da mutuwa. Kalaman da ya zaɓa daga bakin Kaisar suka fito, mai mulkin da ake shirin kashewa.

Masu kallon fim ɗin Indiya ma sun sha haɗuwa da Shakespeare ba su sani ba. *Maqbool* na 2003 *Macbeth* ne, *Omkara* na 2006 *Othello* ne, *Haider* na 2014 kuma *Hamlet* ne da aka mayar Kashmir.

Ta ina za a fara?

Ingilishin Shakespeare yana ba ƴaƴan Ingila kansu wuya, don haka babu abin jin kunya. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara sanin labarin. Charles da Mary Lamb sun taƙaita wasanni 20 cikin sauƙaƙan Ingilishi tun 1807, sannan akwai fassarar Faransanci ta dukan wasannin, wadda ɗan Victor Hugo ya yi. Daga nan a nemi bidiyon wasan a kalla, tunda don dandali aka rubuta shi. Sai a ɗauki fitowa ɗaya, kamar jana'izar Kaisar, a raba wa abokai a fada, kowa ya karanta nasa da ƙarfi. *Macbeth* da *Julius Caesar* gajeru ne. Ƙasidar Swift kuwa ƴan shafuka ce, ana gama ta kafin a sha shayi na uku.

Ba a buƙatar kuɗin littafi. Waɗannan rubuce-rubuce sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana sauke su kyauta a wayar salula daga Project Gutenberg, kuma ɗakin karatu na Folger da ke Amurka ya sa dukan wasannin a intanet.

Yayin karatun, tambayoyi uku sun isa: wa ke magana, me yake nema a wurin mai saurarensa, kuma me ya ƙi faɗa? Wanda ya gama da jawabin Antony, ya gwada mai da shi Hausar Maradi ko ta Damagaram, ya karanta wa wanda bai taɓa jin sunan Shakespeare ba, ya ga ko zai gane lokacin da yabon ya juye.