Abin da sare dogon yaron gidanmu ya ci mana

A tsakar gidanmu da ke Nano, a yankin Savanes na arewacin Togo, akwai wani dogon yaro da marigayi mahaifinmu ya dasa tun kafin a haife ni. A inuwarsa muka yi karatun allo, a nan Inna ke tsintar shinkafa, a nan kuma nake duba takardun 'yan lakwal idan zafi ya kore ni daga ɗaki. Bara, da guguwar farkon damina ta taso, wani reshe mai kaurin cinyar babban mutum ya karye ya faɗa kan kwanon maƙwabcinmu. Allah Ya kiyaye, jikokinsa ba sa cikin ɗakin.

Da safe dattijon ya shigo, muka gaisa, ya ce: "Malam, ba ƙara na kawo ba. Amma jiya kwano ne, gobe ban san mene ne ba." Ban sami abin cewa ba, don gaskiya ya faɗa. Muka biya kwano biyu, ni kuma na shiga neman wanda zai raba mu da itacen.

Waɗanda suka fara zuwa samarin unguwa ne su uku, da gatari da igiyar rijiya. Suka ce jaka 15, wato sefa dubu 15. Na tambaye su ta ina itacen zai faɗi. Ɗaya ya nuna gabas, ɗaya ya nuna kudu. A gabas ɗakin Inna yake, a kudu kuma wayar lantarki ce ta bi ta kan katanga. Na ba su kuɗin shayi, na ce zan neme su.

Sai wani abokin karatuna tun muna makarantar horar da malamai ya haɗa ni da wani mai injin sara a Dapango, wanda aikinsa ke nan shekara da shekaru. Ya zo a babur, ya zagaya itacen sau biyu, ya ƙwanƙwasa gindin da bayan adda, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya ce jaka 85. Na ce masa wannan ai ya wuce mafi ƙarancin albashin wata a ƙasar nan, wanda tun Janairun 2023 yake sefa 52,500. Ya yi dariya ya ce: "Mushe, zauna in yi maka lissafi, tunda kai ne mai alli."

Ga lissafin kamar yadda na rubuta shi. Jaka 45 ladan aiki ne, nasa da na yaransa biyu masu riƙe igiya. Jaka 10 na fetur da man inji da wasa sarƙa. Jaka 8 na ɗauko mutane da kaya daga Dapango da mayar da su. Jaka 15 na tone kututture, jaka 7 na kwashe ganye da ƙananan rassa. Ya ce da itacen nan a fili yake, inda za a kwantar da shi gaba ɗaya, ko rabin wannan ba zai karɓa ba, don aikin sa'a guda ne. Amma tsakanin ɗaki da katanga da waya, dole ya hau ya riƙa yanka shi gunduwa-gunduwa daga sama, kowane gunki a ɗaure shi a sauko da shi a hankali. Yini guda cur, kuma mutum na rataye da inji mai gudu a hannunsa. A nan na gane cewa yawancin kuɗin na kasadar da ke cikin aikin ne.

Na kira yayana da ke Sokode. Ya ce an cuce ni, wai a can akwai masu sare maka itace kyauta, su tafi da katakon. Haka ne, amma da dalili. Yankin Sokode ƙasar itacen katako ce, akwai gonakin tek, itacen da Jamusawa suka shigo da shi Togo tun farkon ƙarni na 20, kuma masu inji suna da yawa. Idan itacenka tek ne ko maɗaci mai miƙaƙƙen jiki, katakon da za a fitar ya biya aikin har da riba. Namu dogon yaro ne, kuma mai injin ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba: cikinsa ya rube, gara ta yi gida a ciki. Babu allo ko ɗaya da zai fita daga jikinsa, sai itacen girki.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne sanadin rubewar. Shekara bakwai da suka wuce, ni da kaina na sa aka datse kan itacen gaba ɗaya a kan jaka 3, don ganye na cika mana kwano. Mai injin ya ce wannan datsewar ce ta kashe shi. Babban rauni a saman itace ba ya rufewa, ruwan sama na kwanciya a ciki, ruɓa ta bi ta gangara. Sabbin rassan da ke tohowa a gefen raunin suna girma da sauri, amma a fatar itacen kawai suke manne, shi ya sa iska ke fizge su. Wato jaka 3 da na yi murnar biya ita ce ta haifi jaka 85. Araha ba ta ado.

Akwai kuma batun izini, wanda yawancinmu ke mantawa. Togo na da dokar gandun daji tun 19 ga Yunin 2008, kuma ma'aikatan gandun daji suna sa ido a kan sare itatuwa, musamman tun da gwamnati ta dakatar da saran madobiya na shekara goma a 2016. Mai injin ya ce ba zai tayar da inji ba sai ya ga takarda, don in aka kama, injinsa za a fara ɗauka. Na je ofishinsu, aka zo aka duba itacen, aka ba ni izini. Kafin ka yi ciniki da kowa, fara da can, ka kuma karɓi rasit. In waya ta ratsa kusa, a sanar da kamfanin lantarki na CEET tukuna. Mu kuma da muke zaune cikin 'yan'uwanmu Moba, akwai wani izinin da ba a rubuta shi: a wurare da dama ɗorawa da kaɗanya na mai ƙasa ne ko da kai ke noma gonar, wasu itatuwan kuma suna da alfarma a al'adarsu. Tambaya kafin sara ta fi ban haƙuri bayansa.

Mai wuyar ita ce Inna. Ta ce: "Itacen Malam ne za ku kayar ina raye?" Na kama hannunta na kai ta gindin, mai injin ya zura sanda cikin kogon har ta ɓace. Ta yi shiru, can ta ce a bar mata kututturen. Hakan ya rage mana jaka 15. Ganyen mu muka kwashe da yaran gida, jaka 7 ta fita. Wata mai tuyar ƙosai da wani mai gasa burodi suka sayi itacen jaka 20. Abin da ya fita daga aljihunmu a ƙarshe jaka 43 ne, ban da kuɗin takarda, muka raba da yayana.

Ga abin da zan gaya wa duk mai babban itace a gida. A duba shi kowace rani, kafin iskar Afrilu da Mayu. A rage reshe tun yana ƙarami, a yanke shi daidai inda ya haɗu da uwar, kada a datse kai. In za a yi ciniki, a ji farashin mutum biyu ko uku, a fayyace wa ke da itacen bayan an sare, wa zai kwashe shara, wa zai biya in katanga ta faɗi, kuma a yi maganar gaban shaidu. Wanda bai iya gaya maka inda itacen zai faɗi ba, kada ka bar shi ya hau.

Ranar 1 ga Yuni ita ce ranar dashen itace a Togo tun 1977, kuma gwamnati na da burin dasa biliyan guda kafin 2030. Kowace shekara nakan fita da ɗalibaina mu dasa, amma bana na ƙara musu darasi ɗaya: kafin a haƙa rami, a ƙirga taku goma daga bango, a ɗaga kai a duba waya. A gida ma haka muka yi da ɗan mangwaron da muka dasa. Inna ce ke ba shi ruwa, tana zaune a kan kututturen.