Wane Aiki Ne Ya Cancanci a Sa Masa Rana?

Mai amfani da manhajar jera ayyuka ya san wannan safiyar. Ya buɗe Todoist, ya tarar da ayyuka rututu sun yi ja, wai sun makara: gyaran famfo, kiran tsohon abokin karatu, sayen caja. Babu wanda rashin yin sa jiya zai tayar da duniya. Sai ya tura su gobe, goben ma haka. Kafin a ankara idonsa ya saba da jan, har ranar biyan kuɗin makarantar yara ta wuce a cikin jajayen bai lura ba.

Laifin ba na manhajar ba ne. Ranakun ne na ƙarya.

David Allen, Ba'amurken da ya wallafa Getting Things Done a 2001, ya tsananta a wannan gaɓar. A tsarinsa, kalanda ba ta ɗaukar komai sai abin da lokaci ya ɗaure: ganin likita ƙarfe goma, takardar da za a rufe karɓa ran Laraba, ko bayanin da ake buƙata a wata rana takamaimai. Sauran ayyuka su zauna ba rana, a kasa su gwargwadon inda za a yi su, na waya daban, na kwamfuta daban, na fita gari daban. Wanda ya samu minti goma yana jiran mota sai ya buɗe na waya ya rage biyu.

Me ya sa ranakun da mutum ke yanka wa kansa suke rushewa? Wani bincike da Roger Buehler da abokansa suka fitar a Kanada a 1994 ya ba da haske. An tambayi ɗaliban jami'a yaushe za su kammala kundin digirinsu. A matsakaici sun ce kwana 33.9, amma sai da suka ci kwana 55.5. Mai cika ranar Litinin da ayyuka ashirin ba malalaci ba ne, lissafinsa ne irin na waɗannan ɗaliban.

Masu ƙera manhajoji sun lura, kowa ya nemi tasa mafitar. Things, ta kamfanin Cultured Code na birnin Stuttgart a Jamus, ta raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa: ranar da za a fara aiki, da wa'adin da dole a gama shi. Fasfo zai ƙare a watan Yuni, wannan wa'adi ne, ba ya motsi. Ranar zuwa ofis kuwa zaɓi ne, ana iya ɗaga ta ba tare da an saɓa wa kowa ba. Manhajar ta kuma ware wuri ga ayyukan kowane lokaci, da wani ga na "wata rana". Ita kuwa Microsoft To Do kowane dare take share jerin ayyukan yini. Abin da ba a yi ba yana nan a ainihin jerinsa, sai mutum ya sake ɗauko shi da hannunsa da safe. Wannan 'yar dabarar ta fi ƙarfin yadda ake ganinta.

Sai dai aikin da ba shi da rana ma yana da nasa ciwon: binnewa yake yi. A 2011 E. J. Masicampo da Roy Baumeister sun nuna cewa aikin da ba a gama ba yakan yi ta kutsowa cikin tunani, amma da zarar an tsara yadda da lokacin da za a yi shi, sai kutsen ya lafa. Shi kuwa marubuci Cal Newport yana goyon bayan yanka wa kowane aiki sa'o'insa a cikin yini, akasin Allen.

Maganin Allen shi ne bitar mako. Sau ɗaya a mako mutum ya zauna ya bi jerin marasa rana tun daga sama har ƙasa. Wanda lokacinsa ya matso ya samu rana ta gaskiya. Wanda ya shafe wata shida yana kallon mai shi, irin "koyon Faransanci", ya koma wurin "wata rana" ko a goge shi. Wannan zaman ne akasari ake fara tsallakewa, domin shi kansa aiki ne da ke buƙatar a sa masa rana a kalanda.