Bututu Biyu, Tazarar Kamu Ɗaya

Yau masana'antu za mu leƙa, wajen da tankoki ke sauke sinadarai, mu ji yadda ruwa iri biyu, kowanne yana zaune lafiya a mazubinsa, kan zama ajali da zarar sun gamu.

Mu fara da wani ƙaramin gari mai suna Atchison a jihar Kansas ta Amurka. Da safiyar Juma'a, 21 ga Oktoban 2016, wata tanka ta shiga masana'antar MGPI ɗauke da asid mai ƙarfi, wato salfurik, dangin wanda muke kira ruwan batir. Ma'aikacin kamfanin ya raka direba wurin sauke kaya, ya buɗe kwaɗon bututun asid, ya koma bakin aikinsa. A gefen wannan bututu akwai wani, girmansu ɗaya, bakinsu iri ɗaya, kuma shi ma ba a kulle yake ba. Tsakaninsu inci 18 ne, kamu ɗaya ke nan, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Wannan na biyun yana zuwa ne tankin bilic, irin sinadarin da ke cikin Hypo da matanmu ke wanki da shi, sai dai na masana'anta ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Direba ya ɗauki tiyo ya jona a bututun bilic, ya saki asid.

Kafin a ankara, hayaƙi mai ruwan ɗorawa da kore-kore ya turnuƙe wurin. Iskar kulorin ce, wadda aka taɓa yin makami da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Direban bai iya komawa ya rufe famfo ba. Ma'aikatan da ke ɗakin sarrafa injuna su ma gubar ta bi ta hanyar shigar iska ta same su a ciki, suka fita da gudu. A ɓangaren masana'antar babu wani maɓalli daga nesa da za a danna a tsayar da kwararar, don haka asid ya yi ta zuba, har kimanin lita 15,000 ta gauraya da bilic wajen lita 22,000. Hayaƙin ya bi iska ya rufe gari. Aka umarci dubban mutane su kulle kansu a gida ko su fice, fiye da mutum 140 kuma suka nemi magani a asibiti. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba.

Da jin wannan labari, abin da zai fara zuwa bakin mutum shi ne direba ya yi ganganci. Amma hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka, CSB, ta duba abin da ya wuce hannun direba. Me ya sa bututun asid da na bilic za su zauna kafaɗa da kafaɗa? Me ya sa tiyo ɗaya zai shiga bakin kowannensu daidai? Ina rubutun da zai faɗa wa baƙo wanne ne wanne, a daidai inda zai jona? Ni a ganina, duk wurin da aka tsara shi haka, haɗarin ya riga ya kwanta yana jira, ko ba wannan direban ba wani zai faɗa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma mutumin da ya kwana a hanya yana tuƙi, ba adalci ba ne a rataya rayukan gari guda a kan kaifin idonsa.

Kamannin nan ne ya sake yin ɓarna a garin Waukegan na jihar Illinois, daren 3 ga Mayun 2019. A masana'antar AB Specialty Silicones an ajiye sinadarai daban-daban a duro na roba masu kama ɗaya. Aka zuba wanda bai dace ba, dangin soda, a cikin tankin haɗi. Haɗin ya yi kumfa ya tumbatsa, ya saki iskar haidurojin da ta cika ginin, ta kama wuta. Ma'aikata huɗu suka rasu. Hukumar CSB ta taɓa tattara manyan haɗurra 167 na irin wannan tashin sinadarai daga 1980 zuwa 2001, waɗanda suka ci rayuka 108, ta kuma gano fiye da kashi ɗaya cikin uku sun faru ne saboda gamuwar abubuwan da ba sa ga maciji da juna.

Kada mai sauraro ya ɗauka sai sinadari mai dogon suna ke haddasa wannan. Ruwa ma, ruwan sha, yana iya zama abokin gaba. A Bhopal ta ƙasar Indiya, cikin daren 2 ga Disamba wayewar 3 ga wata a 1984, ruwa ne ya shiga tankin sinadarin MIC a masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide. Tankin ya ɗau zafi ya amayar da kimanin tan 40 na guba a kan unguwannin talakawa suna barci. Na'urar sanyaya tankin a kashe take, sauran na'urorin kariya kuma ba su yi aiki ba. Gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787, ƙungiyoyi da dama na cewa adadin ya ninka haka, fiye da rabin miliyan kuma suka shaƙi iskar.

To, ina ruwanmu da Amurka da Indiya? Ku biyo ni majema. A Fabrairun 1978, a majemar Horween da ke birnin Chicago, an sauke sinadarin cire gashin fata a tankin da ke ɗauke da ruwan jima mai asid. Iskar da ta tashi ta kashe mutum takwas. Waɗannan sinadarai guda biyu, da danginsu, su ne abin aikin kowace majemar zamani, har da namu na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano. Kakanninmu da toka da bagaruwa suka yi jima. Yau ana jiƙa fata a ruwan farar ƙasa da sinadarin salfaid don gashi ya zube, daga baya a tsoma ta a ruwan gishiri da asid kafin a sa mata kurom. Idan ruwan farko da na biyu suka haɗu a lambatu ɗaya ko rami ɗaya, sai su haifi iskar da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Wannan iska tana da mugun hali, kuma ina roƙon duk mai aiki a irin wannan wuri ya kasa kunne. Idan kaɗan ce, za ka ji warinta. Idan ta yi yawa, sai ta kashe jin warin hanci, mutum ya zaci ta wuce alhali a lokacin ta fi haɗari. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take kwanciya, cikin rami da kwata da ƙasan tanki. Leburan da aka tura yashe rami yakan yanke jiki ya faɗi ba ko ihu. Abokinsa ya gani, zuciya ta ɗebe shi ya dira don ceto, shi ma ya faɗi. Haka ake jera gawa biyu, uku, a rami ɗaya, duk saboda zumunci. Idan ka ga ɗan'uwanka ya faɗi a irin wannan rami, kada ka shiga sai da na'urar numfashi mai tukunyar iska. Takunkumin yadi ko hankici ba ya tare ta. Ka yi kururuwa, ka janye mutane zuwa tudu ta ɓangaren da iska ke tasowa, a kira 'yan kwana-kwana.

Iyaye mata, abin da ya faru a Atchison yana iya faruwa a banɗakinku. Bilic da maganin wanke masai mai asid, idan aka haɗa su don a ga ƙal, kulorin ɗin nan suke saki, a ɗakin da ko taga babu. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye sosai da ruwa. Masu haɗa sabulun ruwa a gida kuma, soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, kada a zuba ruwa a kanta, kuma kada a ajiye sinadari a gorar lemo.

Babban nauyin dai yana wuyan masu masana'antu, kuma gyaran bai kai kuɗin diyyar rai ɗaya ba. A bambanta girman bakin bututu yadda tiyon asid ba zai shiga na bilic ba ko da an so. Kowane bututu da kwaɗonsa da makullinsa, kuma ma'aikacin kamfani ya tsaya kan direba har a gama jonawa. A raba lambatun salfaid da na asid. Duron da aka goge sunansa, ko aka sake zuba masa wani abu, a fitar da shi daga sito. Rubutun gargaɗi da Turanci zalla bai wadatar ba a inda yawancin leburori Hausa suke ji: a rubuta da boko, a rubuta da ajami, a sa hoto. Najeriya na da Dokar Masana'antu, da sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago da aikinsu ke nan, muna kira gare su su riƙa shiga har bayan gini inda ramuka suke.

Kai kuma direban tanka, da kai ɗan'uwa mai aiki a sito ko bakin rami, idan aka nuna maka bututu ko duro babu suna a jikinsa, ka tsaya ka tambaya, ko da oga zai yi faɗa. Iyalinka na jiran dawowarka da yamma.