Muryarsu ce, amma sunan na aro ne

Duk wanda ya taɓa kallon sinimar zane-zane ya san cewa zane ba ya magana da kansa. Mutum ne ke shiga ɗakin ɗaukar murya, wani lokaci yana duban bakin zanen, yana daidaita kalmominsa da motsin leɓe. Idan an sayo sinimar daga wata ƙasa, sai a juya maganar zuwa harshen masu kallo, a nemo wasu masu muryar. A ƙarshe ana jera sunayensu a kan allo. To, a Amurka, da yawa daga cikin sunayen nan na aro ne.

A shekara ta 1985, kamfanin Harmony Gold ya haɗa sinimomi uku na ƙasar Japon, ya juya su zuwa Ingilishi cikin kashi 85, ya kira su Robotech. Cam Clarke ya yi aiki a ciki, amma Jimmy Flinders aka rubuta. Rebecca Forstadt kuwa ta zama Reba West. Daga baya Steve Blum ya ɓuya a bayan sunan David Lucas cikin Cowboy Bebop. Har Bryan Cranston, wanda ya shahara da wasan Breaking Bad tun daga 2008, an taɓa rubuta shi Lee Stone cikin Macross Plus.

Mene ne dalili? Babban dalili shi ne neman abinci. Ƙungiyar ƙwadago ta ƴan wasan sinima, wato SAG, wadda aka kafa a 1933, ta hana ƴaƴanta yi wa kamfanin da bai sa hannu a yarjejeniyarta ba aiki. Wanda ya karya dokar, ana iya cin sa tara ko a kore shi. Kamfanonin juya sinimomin Japon kuwa, a wancan lokacin galibinsu ba su da ƙarfi, ba su sa hannu ba. Ɗan wasa yana da iyali, ga kuɗin haya. Sai ya karɓi aikin, ya sauya suna.

Amma dabarar tana da ɗaci. Aikin da aka yi a ɓoye ba ya zuba ko dala a asusun magani da na tsufa na ƙungiyar. Kuma yabo yana tafiya ga mutumin da babu shi a duniya. Sai bayan shekaru masu kallo suka riƙa gane muryoyin da kunne, suna mayar wa kowa sunansa.

Ma'aikaci yana iya ɓoye sunansa don ya ci abinci yau. Haƙƙinsa na gobe kuwa, da sunan gaskiya ake rubuta shi.