Makahon Dolfin na Kogin Indus

A kogin Indus na ƙasar Pakistan akwai wani dolfin da mutanen lardin Sindh ke kira bhulan. Siffar kifi gare shi, amma dabba ce mai shayarwa kamar ayun da ake samu a Neja da Binuwai: uwa kan haifi ɗa guda ta ba shi nono, kuma dole ya riƙa leƙowa sama yana shaƙar iska. Babba yakan kai tsawon mita biyu zuwa biyu da rabi, ga dogon baki siriri cike da haƙora.

Abin mamakin yana ga idonsa. Ɗan ƙanƙani ne, babu sashen da ke tattara haske ya fitar da hoto, don haka iyakarsa ya bambanta haske da duhu. Ba nakasa ba ce. Ruwan Indus ya sha laka, ko mai ido ba abin da zai gani a cikinsa. Sai Allah ya ba shi abin da ya fi ido amfani a can: yana fitar da ƙara a jere, ta bugi kifi ko gindin kogi ta dawo, daga nan ya gane girman abu da nisansa. Sau da yawa kuma a karkace yake iyo, yana shafa ƙasa da hannu ɗaya yana laluben abinci.

Wannan baiwa ba ta tsare shi daga madatsun ruwa ba. An gama ta Sukkur a 1932, ta Guddu a 1962, wasu suka biyo, kogi ya tsinke gida-gida. Yau ya rasa kusan kashi 80 cikin ɗari na inda yake zama a da. Wanda ya bi ruwa ya faɗa magudanar noman rani ba ya iya komowa, in aka rufe ƙofa ruwa ya janye sai ya maƙale. Ga kuma ragar masunta da maganin feshi daga gonaki.

Manomin Sindh bai yi laifi ba don ya nemi ruwan alkamarsa. Amma kogin da aka kwashe ƙaf, ba dolfin kaɗai zai rasa ba.

A 1974 aka keɓe tsakanin Guddu da Sukkur domin kare bhulan, ma'aikatan gandun daji na Sindh da ƙungiyar WWF kuma suna ɗauko waɗanda suka maƙale su mayar kogi. Ƙidayar 2001 ta nuna kimanin 1,200, ta 2017 ta haura 1,800. Ɗan'uwansa baiji na kogin Yangtze bai samu wannan gata ba: a 2006 masana suka yi mako shida suna nemansa, ko ɗaya ba su gani ba.

A bar wa Indus ruwan da zai ci gaba da gudana da rani, a sa shinge a bakin magudanai. Muddin aka yi haka, bhulan zai rayu.