Shin doka ta yarda ɗan ƙasa da shekara 18 ya kama ɗaki a otal shi kaɗai?

A watan Afrilun 2025, lokacin da ɗalibai kusan miliyan 2 ke rubuta jarrabawar JAMB, iyaye da dama sun koka kan umarnin da aka bai wa 'ya'yansu na hallara a cibiyoyin jarrabawa tun ƙarfe 6:30 na safe. Hukumar ta kare kanta da cewa sai ƙarfe 8 ake soma zaman farko, sammakon na tantancewa ne kawai. An daɗe ana cacar baka a kan lokacin, amma ba a tsaya sosai kan wata tambaya da ke biye da shi ba: ɗalibin da cibiyarsa ke nesa da gida, a ina zai kwana kafin wannan safiya?

Mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a a Najeriya 16 ne. Ke nan tsarin ilimi da kansa ya amince yarinya 'yar shekara 16 ko 17 za ta iya barin garinsu domin jarrabawa, ko tantancewar jami'a, ko rajista. Idan tana da dangi a garin da ta nufa, magana ta ƙare. Idan babu, sai otal. A nan ne za ta gane cewa samun ɗaki ko rashinsa ya dogara ne ga wanda ta tarar a teburin karɓar baƙi. Wani zai karɓi kuɗi ya miƙa makulli ba tare da ya ɗago kai ba, wani kuma zai ce mata doka ta hana.

Abin da doka ta ce

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ayyana yaro da cewa shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Amma a cikinta babu sashen da ya ce kada otal ya sauki yaro, babu kuma wanda ya ce dole ya sauke shi. Abin da ya fi kusa da batun shi ne sashe na 18, wanda ya yi magana kan ƙulla yarjejeniya. Kama ɗaki yarjejeniya ce tsakanin baƙo da mai otal, kuma sashen ya taƙaita ikon yaro na shiga irin wannan ƙulli, sai dai ya ware abubuwan buƙata na dole. A fahimtar shari'ar Ingila da kotunan Najeriya suka gada, abinci da sutura da wurin kwana suna cikin waɗannan abubuwa. Saboda haka ɗalibin da dare ya riska a garin da bai san kowa ba, ya biya kuɗin ɗaki daidai da ƙimarsa, bai aikata laifi ba.

Ita wannan shari'a da aka gada ta ɗora wa mai masauki nauyin karɓar matafiyin da ya zo cikin hayyacinsa, yake kuma da abin biya, sai fa idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili na ƙin karɓarsa. Masu otal suna ganin ƙarancin shekaru ya isa dalili, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Idan yaro ya yi ɓarna a ɗaki, wa za a bi? Idan ciwo ya kama shi da tsakar dare, wa zai sa hannu a asibiti? Galibin lokutan da ma'aikaci ya ce "doka ta hana", ƙa'idar gidan yake nufi, ba dokar ƙasa ba.

Dokar ta 2003 ma a Babban Birnin Tarayya kaɗai take aiki kai-tsaye. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata, kuma wasu jihohin Arewa sun yi wa tasu gyare-gyare, musamman a kan shekarun aure. Kano sai a watan Mayun 2023 ta samu Dokar Kare Yara, shekara 20 bayan ta tarayya, a kwanakin ƙarshe na mulkin Abdullahi Umar Ganduje.

Su kansu otal-otal ɗin a hannun jihohi suke. A ranar 19 ga Yulin 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Gwamnatin Tarayya ta shigar da Jihar Legas, inda ta ce ikon yi wa otal rajista da ba shi lasisi na jiha ne. Hurumin tarayya, in ji kotun, ya tsaya ne a kan shige da ficen baƙi masu yawon buɗe ido. Wannan na nufin duk mai neman a fayyace batun kwanan yara a otal, majalisar dokokin jiharsa ko hukumar kula da yawon buɗe ido ta jihar zai tunkara, ba Abuja ba.

Tsoron samame

Abin da ya fi sa mai otal juya wa matashi baya shi ne tsoron abin da zai biyo baya. Sashe na 275 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da ka iya kaiwa shekara 10 ga wanda ya yaudari yarinya 'yar ƙasa da 18 zuwa wani wuri domin a yi lalata da ita. Sashe na 31 na dokar 2003 ya sa ɗaurin rai-da-rai ga wanda ya sadu da yaro ko yarinya, ko da ya ce bai san shekarunta ba. Akwai kuma dokar hana safarar mutane ta 2015 da hukumar NAPTIP ke aiwatarwa. Babu mai son a ambaci sunan gidansa a irin wannan shari'a.

A Kano da sauran jihohin da ke da Hisba, akwai ƙarin fargabar samame. Yadda ake gudanar da irin waɗannan kame ya taɓa tayar da ƙura: a ƙarshen Fabrairun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soki salon da jami'an Hisba ke bi wajen kama matasa, Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye muƙaminsa na babban kwamanda, kafin a sasanta ya koma bayan 'yan kwanaki. A daren samame, da wuya wani ya tsaya duba takardar JAMB a jakar yarinyar da aka tarar ita kaɗai a ɗaki. Kafin gari ya waye a gane gaskiya, an gama jarrabawar, wataƙila hotonta ma ya gama zaga wayoyin mutane.

Sakamakon haka, otal ɗin da ke tsoron zubewar suna, wanda yake da mai gadi da kyamara da littafin rajistar baƙi, shi ne ke korar ɗaliba. Wanda ba ya tambayar komai, mai ba da ɗaki na awa ɗaya ko biyu, shi ne ke karɓarta. In ba ta yarda da shi ba, sai bencin tashar mota. Gudun gara an tadda zago ke nan. Abin lura ne kuma cewa a yankin da yaro ɗan shekara 10 ke kwana a rumfar kasuwa, ɗaruruwan kilomita daga iyayensa, ba tare da an ɗaga murya ba, sai ɗan shekara 17 ya nemi ɗaki mai makulli ake tunawa da ƙuruciyarsa.

Wanda ya zo da "kawu"

Ƙa'idar da yawancin otal-otal ke bi ita ce yaro ya zo tare da babba. A nan ne aka bar jaki ana dukan taiki. A watan Yunin 2022 'yan sanda a Jihar Anambra sun sanar da ceto 'yan mata 35, masu shekara 14 zuwa 17, daga wani otal a Nkpor inda ake tilasta musu karuwanci. Waɗannan yara ba ɗaki suka je kamawa da kuɗin aljihunsu ba, manya ne suka ajiye su. Mai niyyar cutar da yarinya shi ke zuwa da katin shaidarsa, ya biya, ya ce 'yarsa ce ko 'yar ƙanwarsa. Ƙa'idar "sai da babba" ba ta tare shi ba, ƙofa ma ta buɗe masa, domin ba ta tambayi wane ne babban ba.

Wasu ƙasashe sun rubuta amsar a doka. A Birazil, sashe na 82 na dokar yara da matasa ta 1990 ya hana sauke yaro a otal sai tare da iyaye ko mai kula da shi, ko da izininsu. Otal ɗin da ya saɓa zai biya tara, idan ya maimaita kuma kotu na iya rufe shi na kwanaki. Ƙasar Sin ta ƙara matsawa gaba. Dokar kare yara da ta yi wa kwaskwarima, wadda ta soma aiki ranar 1 ga Yunin 2021, ta wajabta wa otal ya nemi lambar iyayen yaro, ya tambayi dangantakarsa da duk babban da ya zo da shi, ya kuma kira 'yan sanda idan ya ga alamar da ba ta kwanta masa ba. Dukkan tsarin biyu sun bar ƙofa a buɗe ga matashin da iyayensa suka san inda yake, na Sin kuma ya sa ido a kan ɗan rakiya.

Kwaikwayon wannan a Najeriya yana da nasa cikas, kuma babba daga ciki shi ne tabbatar da shekaru. Binciken lafiya da ƙidayar jama'a na ƙasa na 2013 ya nuna kimanin kashi 30 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa, kuma waɗannan yaran su ne matasan yau. Katin zaɓe da lasisin tuƙi sai an kai 18 ake samunsu. Sai dai ɗan jarrabawa ya fi sauran takwarorinsa sauƙin ganewa, tunda daga 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, takardar jarrabawarsa kuma tana ɗauke da hotonsa da sunan cibiyarsa da ranar da zai zauna.

Jiha ba ta buƙatar jiran Majalisar Tarayya kafin ta yi amfani da wannan. Hukumar da ke ba otal lasisi za ta iya sa sharaɗi a cikin lasisin: ɗan shekara 16 ko 17 ya samu ɗaki idan ya nuna shaida, aka kira mahaifi ko mahaifiyarsa a gabansa, aka rubuta lambar a littafin baƙi, babban da ya zo da yaro kuma ya bayyana dangantakarsu a rubuce. Wannan littafi ne mai otal zai buɗe wa ɗan sanda ko ɗan Hisba idan sun ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin a samu hakan, iyayen da 'yarsu za ta yi irin wannan tafiya sai su kira otal ɗin tun kafin ta bar gida, su nemi manaja da kansa, domin alƙawarin ma'aikacin rana ba ya ɗaure na dare.